Me ya sa hannun da ke gyaran uwar garke shi ke yawan kayar da ita?

Ranar Litinin 4 ga Oktoba 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke ɗif, har kusan awa shida. Tun kafin kamfanin ya buɗe baki mutane sun riga sun yanke hukunci cewa 'yan kutse ne. Da bayani ya fito, sai ga shi babu ɗan kutse ko ɗaya a zancen. Ma'aikatan kamfanin ne ke aikin duba lafiyar layukan da suka haɗa cibiyoyin bayanansu, aikin da sun saba yi, aka shigar da wani umarni don a auna ƙarfin layukan, umarnin ya yanke su gaba ɗaya. Akwai manhajar da aka ajiye musamman don ta tantance irin wannan umarni ta tare mai haɗari, sai dai ita ma da ɓaraka a jikinta, ta bar shi ya wuce.

Uwar garke, wadda masu sana'ar kan ce wa saba, kwamfuta ce da ba a ƙera ta don mutum ya zauna gabanta ba. Aikinta ta amsa buƙatun wasu na'urori: ka buɗe shafi ta miƙo, ka tura saƙo ta ajiye, ka tambayi ragowar kuɗinka ta duba rumbun bayanai ta faɗa maka. Tana zaune cikin kanta a ɗaki mai sanyi tare da ɗaruruwa ko dubban 'yan'uwanta, ga batir da janareta na jiran ɗaukewar wuta. Ba wannan ɓangaren nake son tsayawa a kai ba, don ƙarfe da waya su ne mafi sauƙin sha'ani. Faifai yakan mutu, fanka takan tsaya, kuma an daɗe da sanin maganinsu: a sayi biyu, in ɗaya ta faɗi ɗaya ta ɗauka. Abin da har yau ya gagari kamfanonin da suka fi kowa kuɗi da ƙwararru shi ne sauyi. Injiniyoyin Google sun rubuta cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na katsewar da suke gani daga sauyin da aka yi wa tsarin da ke kan aiki take tasowa. Wato mai gyaran ne, da kyakkyawar niyyarsa, a tsakiyar aikinsa na yau da kullum.

Dubi abin da ya sami Amazon ranar 28 ga Fabrairu 2017. Wani ma'aikaci na binciken dalilin da ya sa tsarin lissafin kuɗin ma'ajiyarsu ta S3, inda wasu kamfanoni ke hayar wurin ajiye fayilolinsu, ke tafiyar hawainiya a yankin arewacin Bajiniya ta Amurka. Zai cire 'yan uwayen garke kaɗan daga aiki, bisa ƙa'idar da ke rubuce, sai ya yi kuskure wajen buga umarnin, aka cire masu yawa fiye da nufinsa. Cikin waɗanda suka fita har da masu riƙe da jadawalin inda kowane fayil yake. Dole aka sake kunna tsarin daga tushe, abin da aka shekara da shekaru ba a yi ba, kuma a tsawon shekarun nan ya yi girman da tashinsa ya ɗauki lokacin da ba wanda ya zata. Kimanin awa huɗu dubban shafuka da manhajojin da ke jingine da S3 suna ƙasa.

To, tunda taɓawa ce ke jawo masifa, me zai hana a ƙyale abu yadda yake? Akwai masu kula da uwar garke da yawa da wannan ce aƙidarsu: da muguwar rawa gara ƙin tashi. Za ka tarar da na'urar da ta shekara biyar ba a kashe ta ba, ba a sabunta komai a cikinta ba, mai ita har yana alfahari da hakan. A ganina wannan abin tsoro ne. Shekarar 2017 kaɗai ta isa shaida. A watan Maris Microsoft ta fitar da facin da ke toshe wata ɓaraka a Windows. Ranar 12 ga Mayu manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry, mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, ta bi ta wannan ɓaraka ta shiga kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, asibitocin Ingila suka soke dubban ganin likita da tiyata. Wata biyu cur facin yana nan, ba a manna ba. A cikin watan na Maris ne kuma aka fitar da facin wata manhaja mai suna Apache Struts. Kamfanin Equifax na Amurka, mai tattara bayanan bashin jama'a, bai sa shi a duk inda ya kamata ba, aka kwashe bayanan mutum miliyan 147. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon manhaja da kansa yake tsagewa ko ba a taɓa shi ba, domin kullum akwai masu bin sa da fitila suna neman rauni.

Ko babu maƙiyi ma, lokaci kaɗai yana karya abu. Takardar shaidar da ke sa ka ga alamar kwaɗo a saman shafi tana da ranar ƙarewa. A Fabrairun 2020 manhajar Teams ta Microsoft ta tsaya na sa'o'i saboda an manta ba a sabunta irin wannan takarda ba. Babu wanda ya yi komai, rashin yin ne ya kayar da ita.

Gaba kura, baya siyaki ke nan. In ka taɓa ka jawo, in ka bari ka jawo. Saboda haka tambayar da ke gaban mai wannan sana'a ita ce yadda zai yi sauyi ta hanyar da in ya yi kuskure, kuma zai yi, ɓarnar za ta tsaya a ƙaramin waje, a gane ta da wuri, a iya komawa baya.

Lissafin tara-tara

Shekara tana da awa 8,760. Wanda ya yi alkawarin uwar garkensa za ta yi aiki kashi 99 cikin ɗari ya ba kansa damar faɗuwa na sama da kwana uku da rabi. In ya ce 99.9, saura awa takwas da kusan minti 45. In ya ce 99.99, minti 52 da 'yan kai. In ya kai 99.999, minti biyar ne kacal a shekara, wanda ko mai gadin tsarin ya farka daga barci ya laluba kwamfutarsa bai isa ba. Kowace tara da aka ƙara tana cin kuɗi da wahala ninkin ba ninkin, kuma akwai inda ake kaiwa mai amfani ba ya ma ganin bambancin, tunda layin wayarsa ya fi uwar garken yawan yankewa.

Daga nan Google ta fito da wata dabara da nake ganin ta fi yawancin kayan aikin da ake sayarwa amfani. A maimakon a ce kada a faɗi ko sau ɗaya, sai a amince da adadi, a ɗauki ragowar a matsayin kasafi. In an tsaya a 99.9, akwai minti 43 a wata da aka yarda a yi asararsu. Muddin kasafin bai ƙare ba, masu rubuta manhaja su ci gaba da sakin sababbin abubuwa. Ranar da ya ƙare, a dakata, kowa ya koma gyara. Wannan ya kashe wata tsohuwar gardama tsakanin masu son sauri da masu son zaman lafiya, domin yanzu lamba ce ke raba su, ba wanda ya fi ɗaga murya a taro ba.

Kashi-kashi

Masu haƙar gawayi a Ingila a da sukan shiga rami da kanari a keji. In iskar guba ta fara taruwa, tsuntsun ne ke fara jigata, mutane su gudu. Masu kula da uwar garke sun ari sunan. Sabon sauyi akan fara sa shi a na'ura ɗaya ko kashi ɗaya cikin ɗari, a zuba ido, in lafiya a ƙara zuwa goma, sannan rabi, sannan duka. Abu ne mai sauƙin faɗa. Ranar 19 ga Yuli 2024 duniya ta ga abin da rashinsa ke yi. Kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wani ɗan fayil na sabuntawa ga dukan kwamfutocin Windows masu manhajarsa a lokaci guda. Fayil ɗin yana da aibi, manhajar kuma tana aiki ne a can cikin zuciyar tsarin, inda tuntuɓe ɗaya ke kifar da na'ura duka. Cikin minti 78 kamfanin ya janye shi, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Microsoft ta ƙiyasta na'ura miliyan 8.5 suka faɗi. Jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka koma takarda da biro. Abin da ya fi ciwo, kwamfutar da ke mutuwa tun kafin ta gama tashi ba ta iya karɓar gyara ta intanet, don haka da yawansu sai da mutum ya je gabansu ɗaya bayan ɗaya ya goge fayil ɗin da hannu. Da an fara da na'ura dubu, da labarin bai wuce ofishin kamfanin ba.

Akwai kuma kishiyar wannan, inda sauyin bai kai ko'ina ba alhali an ɗauka ya kai. A 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital yana da uwayen garke takwas masu tura odar saye da sayarwa. An ɗora sabuwar manhaja da hannu a kan bakwai, aka tsallake ta takwas, ba wanda ya bi sawu ya duba. Da kasuwa ta buɗe ranar 1 ga Agusta 2012, ta takwas ɗin ta farfaɗo da wani tsohon ɓangare da aka daina amfani da shi shekaru amma ba a goge ba, ta dinga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Cikin ruɗewa sai aka cire sabuwar manhajar daga sauran bakwai ɗin, abin ya ƙara ta'azzara. A minti 45 kamfanin ya yi asarar sama da dala miliyan 400. Shi ya sa a yau ake rubuta yadda kowace uwar garke za ta kasance a cikin fayil, a bar manhaja irin su Ansible ko Puppet ta aiwatar, don na'ura ba ta gajiya ta tsallake ta takwas. Sai dai ita ma na'urar, in ka ba ta kuskure, za ta raba shi ga dubu cikin daƙiƙa ba tare da ta yi ko tari ba. Sarrafa aiki da manhaja ba tare da sakin kashi-kashi ba, ƙara wa tsautsayi gudu ne kawai.

Tagwaye daban, ajiya daban

A nan ne na fi ganin mutane suna yaudarar kansu. Za ka ji mutum ya ce bayanansa suna da tsaro domin faifansa biyu ne, duk abin da aka rubuta a ɗaya yana shiga ɗayan nan take. Wannan yana maganin mutuwar faifai, shi ke nan. In ka goge fayil bisa kuskure, ɗan tagwayen zai goge nasa cikin biyayya. In manhajar garkuwa ta kulle na farko, ta kulle na biyu. Kwafin ko-ta-kwana na gaskiya shi ne wanda ya tsaya a jiya, wanda abin da ke faruwa yau ba ya iya kai masa hannu.

Labarin GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu a wurinsa, na 31 ga Janairu 2017 ya cancanci a bi shi a hankali, musamman da yake su da kansu suka baje shi a faifai. Wani injiniya ya kai dare yana fama da rumbun bayanai na biyu da ya daina bin na farko. Ya yanke shawarar share na biyun ya sake kwafa daga tushe. Ya buga umarnin sharewa, bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu ya lura a kan na farkon yake. Kafin ya tsayar, cikin kusan gigabait 300 saura kamar huɗu da rabi. Kamfanin yana da hanyoyin ajiya har biyar. Aka shiga buɗe su. Wadda ake sa ran ta fi kowace ashe ta daɗe ba ta ajiye komai, saboda manhajar kwafar tsohuwa ce ba ta dace da rumbun ba. Tana aika saƙon gargaɗi ta imel kuwa, amma saƙon ba ya isa, ana mayar da shi a hanya. Wata hanyar ba a ma kunna ta ga wannan rumbun ba. Abin da ya cece su wani kwafi ne da injiniyan ya ɗauka da hannu awa shida kafin nan don wani gwaji dabam. Aka kwashe kusan awa 18 ana dawo da shi, har suna nuna aikin kai tsaye a YouTube, kuma abin da aka rubuta a waɗancan awa shida ya tafi.

Hanyoyi biyar a takarda, babu wadda aka taɓa gwada dawo da bayanai daga cikinta a kai a kai. Ba a fafe gora ranar tafiya. In za a tambaye ni abu ɗaya da zan duba don in san ko wuri yana da mai kula na ƙwarai, ba zan tambayi ko suna ajiya ba, kowa zai ce i. Zan tambayi ranar ƙarshe da suka ɗauko ajiyar suka tayar da ita a wata na'ura, da kuma awa nawa abin ya ci.

Sannan ina aka ajiye ta? Daren 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVHcloud, mai ba da hayar uwayen garke, a birnin Sitirasbog na Faransa, ta taɓa na kusa da shi. Ba a rasa rai ba, amma wasu abokan ciniki sun wayi gari ainihin bayanansu da kwafinsu duk sun ƙone a harabar guda. Tsohuwar ƙa'idar da ake kira 3-2-1 don irin wannan aka yi ta: kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya a wani wuri mai nisa. Kuma abin da ake kira girgije ba ya sauke wa kowa wannan nauyi. Uwar garken wani ce a ginin wani, tana iya ƙonewa kamar kowace.

Makulli a cikin ɗakin da ya kulle

Mu koma Facebook, don akwai ɓangaren da na tsallake. Me ya sa umarni ɗaya ya ci awa shida? Domin abin ya yi ta jan juna. Uwayen garken da ke fassara sunan shafi zuwa lambar adireshi, tsarin da ake kira DNS, an tsara su ne in suka ga ba sa iya magana da cibiyoyin bayanai su janye sanarwar da ke nuna wa sauran intanet hanyar zuwa gare su. Dabara ce mai kyau in reshe ɗaya ne ya lalace. Da duka suka yanke a tare, duka suka janye, Facebook ya ɓace daga taswirar intanet alhali na'urorinsa suna kunne lafiya lau. Kayan aikin da injiniyoyi za su yi bincike da gyara da su daga nesa kuwa, su ma a kan wannan hanyar suke. Sai da aka tura mutane cibiyoyin da ƙafa, can kuma tsaron da aka gina don hana ɓarawo ya rage wa masu gida sauri. Amazon ma ta ɗanɗana irin wannan a 2017: shafin da ke sanar da jama'a lafiyar ayyukanta ya dogara da S3, don haka yana nuna komai lafiya a lokacin da komai ke ƙasa, sai ta Twitter suka riƙa ba da labari.

Wannan tarko yana kama ƙanana fiye da manya. Takardar da ke bayanin yadda za a tayar da tsarin tana cikin tsarin. Kalmomin sirri suna cikin rumbun da ba ya buɗuwa sai tsarin ya tashi. Manhajar da za ta buga maka waya in uwar garke ta faɗi tana kan uwar garken. Ba a gane irin wannan zobe ta hanyar zama a yi tunani, sai an kashe abu da gangan an gani. Netflix ta ƙera manhaja mai suna Chaos Monkey da ke kashe uwayen garkenta barkatai a lokacin aiki, sa'ad da injiniyoyi ke farke a ofis. Facebook ma ta ce atisayen da ta saba yi na kashe cibiya sukutum shi ya ba ta ƙarfin gwiwar dawo da komai a hankali ba tare da cunkoson masu shigowa ya sake kayar da ita ba.

Shi kuma wanda ya buga umarnin, yaya za a yi da shi? Zuciya takan ce a kore shi. Amma duba abin da Amazon ta mayar da hankali a kai a bayaninta: ta ce kayan aikin ne ya bari a cire na'urori da yawa cikin sauri, ta gyara shi yadda zai riƙa cirewa a hankali kuma ya ƙi sauka ƙasa da adadin da tsarin ke buƙata. GitLab ba ta kori injiniyanta ba. Ba tausayi kaɗai ba ne. Duk wurin da ake hukunta mai kuskure, ma'aikata kan koyi ɓoyewa, kuma mintin da mutum ya ɓata yana tunanin ko ya faɗa ko ya yi shiru, a cikinsa ake asarar abin da za a iya cetowa. In gajiyayyen mutum ɗaya da ƙarfe sha ɗayan dare zai iya share rumbun kamfani da layi ɗaya, an kore shi ma gobe wani gajiyayyen zai zauna a kujerar.

Wani lokaci kuma sa'a ce tsagwaronta ke rufa asiri. Ranar 27 ga Yuni 2017 manhajar ɓarna ta NotPetya ta shiga kamfanin jiragen ruwa na Maersk ta lalata kusan duk kwamfutocinsa masu Windows. Kamar yadda mujallar Wired ta ruwaito, kamfanin yana da uwayen garke wajen 150 masu riƙe da rajistar ma'aikata da izinin shigarsu, kowace tana kwafar 'yar'uwarta, an ɗauka wannan ya wadatar. Duka suka tafi a tare. Aka yi ta buga waya ofis-ofis a faɗin duniya, har aka dace da guda ɗaya a Ghana wadda wuta ta ɗauke mata kafin harin, ta kasance ba ta kan layi lokacin da abin ya ratsa. Daga faifanta aka sake gina rajistar. Shugaban kamfanin ya ce cikin kwana goma suka sake ɗora uwayen garke 4,000 da kwamfutoci 45,000, asarar kuma ta kai tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300.